Yadda na bi diddigin shekarun wasu kamiyo uku da na tsinta a gwanjo

Fil ɗin maƙale mayafi na fita nema, a wata kasuwar gwanjo da ke ci ranar Lahadi a wajen garin Birmingham, inda nake zaune nake aiki. A teburin wata dattijuwa na tarar da gwangwanin biskit cike da tarkacen adon mata: 'yan kunne wari-wari, sarƙoƙin da suka tsinke, maɓallai. Ta ce na surukarta ne da ta rasu, ita ba ta san kansu ba, so kawai take su bar mata gida. Na tsinci guda uku masu fuskar mace a jiki, biyu fil ne, ɗaya na ratayawa a sarƙa, na biya kuɗin da ko cefane mai kyau ba zai yi ba.

Irin wannan ado shi ake kira kamiyo. Ana samun abu mai launi hawa-hawa, a sassaƙa hoto a farin da ke sama, a kankare gefe da gefe har launin ƙasa ya bayyana ya zama bango, hoton ya taso a kansa. Girkawa da Rumawa sun yi shi a kan duwatsu masu daraja tun kafin haihuwar Annabi Isa. Ya sake tashe a Turai a zamanin Napoleon, ya kuma cika Ingila a mulkin Sarauniya Victoria, daga 1837 zuwa 1901. Na san akwai masu ƙyamar adon da ke da surar mutum, mahaifiyata na cikinsu, ban kuma taɓa ja da ita a kan haka ba. Ni aikin hannun ne ya ja ni, da son sanin ko abin da na riƙe ɗan jiya ne ko ya ga kakanni.

Kayan aikin ba su da yawa: madubin masu gyaran agogo mai ƙara girman abu sau 10, fitilar waya, da farin tawul da na shimfiɗa a tebur don kada wani ya suɓuce ya fashe. Tambayoyi biyu na sa a gaba, kuma tun da wuri na raba su: da me aka yi, sannan yaushe aka yi. Amsar ta farko ba ta ba da ta biyu.

Na fara da mafi ƙanƙanta, fil mai farar fuska a kan baƙin bango. Ba shi da nauyi ko kaɗan, kuma da na ɗora shi a kumatuna babu sanyi. Na ƙwanƙwasa shi a haƙorina a hankali, sai na ji wani dum maras amo. A ƙarƙashin madubi gashin matar duk a mulmule yake, babu kaifi ko ɗaya, babu sawun wuƙa, ga wani siririn layi a gefe inda bakin mazubi ya haɗu. Zubi ne, ba sassaƙa ba. Akwai masu ba da shawarar a ɗumama allura a soka a baya, wai in ya narke roba ce. Ban yi ba, ba kuma zan ba kowa wannan shawara ba, domin wata tsohuwar roba da ake kira seluloid, wadda aka fara kasuwancinta a shekarun 1870, saurin kama wuta gare ta, kuma ko ba ta kama ba ka riga ka huda kayanka. Abin da na yi shi ne na goge bayan da babban yatsa har ya yi ɗumi, na shinshina. Ƙamshin kafur ne, kaɗan amma babu shakka, kuma da kafur ake haɗa seluloid. Ashe jabun nan ma yana da nasa tsufan, mai yiwuwa daga farkon ƙarni na 20, lokacin da ake zuba irinsu da yawa don matan da ba su da kuɗin na gaske.

Na ratayawar shi ya fi ɗaukar ido: farar yarinya mai ɗan ƙaramin hanci a ɗage, gashi na kaɗawa, a kan shuɗin bango mai sheƙi. Yana da nauyi, yana da sanyi, bayansa a shafe sumul, kuma a haƙori ya ba da ƙara mai kaifi. Ko dutse ko gilashi ke nan. Gilashi kan ɓoye 'yan kumfar iska a ciki, kuma sau da yawa farin da bangon biyu ne aka manne da gam. Na duba mahaɗarsu ta kowane gefe, babu gam, babu kumfa, farin ya shige cikin shuɗin a matsayin abu guda. Dutsen aƙiƙ ne na gaske.

Shuɗin dai rini ne. Aƙiƙ na da wasu hawa masu shan ruwa da wasu masu tauri da ba sa sha, saboda haka in an tsoma shi a rini sai wani hawan ya kama, farin ya tsaya fari. Mutanen Idar-Oberstein a Jamus ne suka ƙware a wannan tun ƙarni na 19, musamman bayan sun fara samun aƙiƙ daga Brazil. Baƙin launi ma da ruwan sukari ko zuma suke jiƙa dutsen, sannan su ƙona sukarin a ciki da asid. Garin nan ba baƙo ba ne gare mu ko da ba mu san sunansa ba, don dutsen wuya na aƙiƙ da yawa da suka shigo Afirka ta Yamma, har da irin wanda matan Buzaye ke ratayawa, daga can aka sarrafo su, wasu kuma daga Khambhat ta Indiya.

To amma dutse na gaske ba ya nufin tsoho. Da na kafa madubi a kan farar fuskar, sai na ga fatar ba ta da sawun kayan aiki ko kaɗan, wani laushi-laushi ne mai ƙananan ƙuraje iri ɗaya daga goshi har wuya, kuma babu inda aka sassaƙa aka shiga ƙarƙashin gashi ko haɓa. Wannan alamar inji ce, wanda ke girgiza tambarin ƙarfe a kan dutsen da garin gogewa har hoton ya fito, a buga ɗaruruwa iri ɗaya. A ƙarshen ƙarni na 20 aka yawaita irin wannan. Zoben da ya riƙe shi kuma an buga masa 925, azurfa ke nan, sabuwa fil. Sai ga shi robar ta girmi dutsen nesa ba kusa ba.

Na ukun ne ya ci mini lokaci, shi ne kuma dalilin wannan rubutu. Babban fil ne mai siffar ƙwai, tsawonsa ya kusa santimita 5, da farar mace mai ganyen inabi da 'ya'yansa a gashi, a kan bango mai launin ruwan lemo da ya ɗan ja zuwa ƙasa-ƙasa. Da na kifa shi, bayan ba a shafe yake ba, ya lotsa ciki kamar ludayin duma. Dutse ba ya haka. Wannan lanƙwasar ta jikin katantanwar teku ce, domin daga bayan ƙaton kwansonta ake yanko ɓallin da za a sassaƙa, kuma duk yadda aka yi ba ya miƙewa. Na haska fitilar waya ta baya, sai haske ya ratsa, inuwar fuskar ta fito, tare da wasu siraran layuka a jere, waɗanda su ne sawun girman dabbar. Na kuma ga tsaga biyu ƙanana a gefen bango, ba su kai ga fuskar ba. Irin wannan tsaga bushewa ke kawo ta, kuma an fi ganinta a wanda ya daɗe, sai dai sabo ma kan tsage in an bar shi kusa da zafi, don haka ban ɗauke ta hujja ba.

Launin bango kan nuna irin katantanwar. Mai ruwan lemo ko ja-ja, irin nawa, yawanci daga gaɓar Afirka ta Gabas ake kawo shi, wajen Zanzibar da Mozambik da Madagaska. Mai duhun ƙasa-ƙasa da fari tas daga tekun Karibiyan yake, shi ne kuma ya fi tsada. Akwai mai ruwan hoda, shi ma na Karibiyan. Amma sassaƙar kusan duka a Italiya ake yinta, a da a Roma da Napoli, yanzu kuma a Torre del Greco, wani gari a gindin dutsen Vesuvius da ya yi suna a aikin murjani tun daga 1805, lokacin da wani Bafaranshe daga Marseille ya buɗe masana'antar farko a can. Har yau masu sana'ar kan manne ɓallin a kan ɗan sanda da ƙaro, su riƙe a hannu ɗaya, su sassaƙa da ɗan ƙarfe mai kaifi a ɗaya hannun. A ƙarƙashin madubi na ga sawun ƙarfen nan sarai: 'yan kwaruruka a tsakanin silin gashi, ba su yi daidai da juna ba, da wani wuri a bayan kunne inda hannun ya ɗan zarce. Na daɗe ina kallon wurin nan, ya fi fuskar kanta burge ni.

An gama da tambayar farko. Ta biyun ce mai wuya, kuma yawancin mutane daga fuskar suke farawa. Ana cewa dogon hanci miƙaƙƙe daga goshi, irin na gumakan Girkawa, na ƙarni na 19 ne, ɗan gajeren hanci mai ɗagewa kuma na ƙarni na 20. Akwai gaskiya a ciki. Tawa mai dogon hanci ce, wuyanta kauri, kafaɗarta cike, kuma ganyen inabin ya nuna an ɗauko ta ne daga tatsuniyoyin Girkawa, abin da masu sayen wancan zamani ke so. Sai dai mai sassaƙa a Torre del Greco zai iya zama gobe ya yi irin wannan hancin, ba abin da zai hana shi. Hanci na iya tabbatar da cewa abu sabo ne, amma ba ya isa shaidar tsufa. Na nemi sa hannu a baya, tunda manyan masu sana'ar irin su Tommaso Saulini da ɗansa Luigi, waɗanda suka yi aiki a Roma a ƙarni na 19, sukan karce sunansu. Babu suna. Wasu 'yan lambobi ne kawai aka karce a jikin ƙarfen, irin waɗanda masu gyara da masu karɓar jingina kan bari.

Saura ƙarfen da ya zagaye shi, kuma nan ne ake samun shekara mai lamba. A gefen ciki, kusa da allurar, akwai ɗan tambari: 15CT, wato zinare mai karat 15. A Biritaniya an halatta zinare mai karat 9 da 12 da 15 a shekarar 1854, kafin nan 22 da 18 kaɗai doka ta sani. A 1932 aka soke 12 da 15, aka maye gurbinsu da 14. In tambarin gaskiya ne, zoben ya faɗo tsakanin 1854 da 1932. Cikakken hatimin hukuma da ya fi haka amfani, don yana ɗauke da alamar gari, angar jirgin ruwa ta Birmingham ko kan damisa na Landan, da harafin da ke nuna ainihin shekara. Amma ƙananan kayan ado da yawa na zamanin Victoria ba a kai su an buga musu ba, maƙerin ne kawai ke buga karat ɗin da kansa. Rashin hatimin bai dame ni ba. Da a ce zoben na Italiya ne, da wasu alamu zan nema, kamar 800 a kan azurfa, ko ɗan tauraro da lamba da haruffa biyu na lardi, wanda sai daga 1968 aka fara bugawa.

Da dare na kira kawuna a Kano, wanda ya tsufa a harkar gwal. Bayan mun gaisa na kwatanta masa abin.

"Ke 'yar nan, giram nawa ne?"

"Kawu, ai ba a iya auna shi shi kaɗai, a manne yake da katantanwar."

"To a ɓamɓare mana. Ki kai a goga a dutse a ɗiga masa ruwa, yanzu zai faɗi gaskiya."

Na ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Kawu, ruwan nan in ya taɓa fuskar cinye ta zai yi."

Ya yi dariya ya ce shi dai bai taɓa ganin inda kwanson dodon koɗi ya fi zinare daraja ba, amma Turawa ba abin da ba sa saya. Ta fuskar sana'arsa yana da gaskiya, zinaren jikin siriri ne ƙwarai, in an narka ba zai taka kara ya karya ba. Maganar ruwan kuwa ba wasa ba ce. Katantanwa da alli danginsu ɗaya, ko ruwan lemon tsami ya zauna a kanta sai ya dusashe ta, balle asid ɗin gwajin zinare.

Daga nan na koma kan allurar da mariƙinta, inda lissafina ya fara karo da juna. A tsofaffin filoli, gaɓar da allura ke juyawa a kai 'yan bututu uku ne a jere, biyu a like da fil ɗin, na tsakiya a like da allurar, an zura waya ta ratsa su. Da hannu ake yinsu, kuma su aka sani har wajen 1890, kafin na inji masu zagayayyen kai su karɓe kasuwa. Nawa mai bututu uku ne. Allurar tsofaffi kuma takan zarce gefen fil ɗin, saboda tufafin lokacin masu kauri ne, kuma abin da ke riƙe bakinta ƙugiya ce kawai mai siffar harafin C, ba makulli. Tawa allurar ba ta zarce ba, a daidai gefe ta tsaya, kuma mariƙin mai ɗan makulli ne da ake juyawa da farce, irin wanda bai zama ruwan dare ba sai wajen shekarun 1920 zuwa 1930. Gefe ɗaya na cewa kafin 1890, ɗaya gefen na cewa bayan 1920, a jikin abu guda.

Nan ilimina ya tsaya, sai na ɗauke shi zuwa unguwar maƙeran zinare ta Birmingham, wadda ofishin tantance ƙarafa na garin, da aka kafa tun 1773, ke cikinta. Na shiga shagon wani tsoho mai gyaran kayan da. Ko kallon fuskar bai yi ba, ya kifa shi a tafin hannu ya sa madubi a ido. Can ya miƙo mini madubin ya nuna gindin mariƙin da bakin ɗan hantsaki. Akwai ɗan tabon dalma mai launin toka a zagaye da shi, kuma launin mariƙin ya fi na sauran zoben haske. A gefensa ga wani ɗan gurbi inda tsohuwar ƙugiya ta taɓa zama. Bakin allurar ma an datse shi an sake feƙewa, tsininsa bai yi daidai ba. Ya ce wata mata ce a can baya ta gaji da fil ɗinta na faɗuwa, ko allurar na sukarta, ta kai aka sauya mata, kuma abu ne da yake gani kullum. Ya ƙara da cewa da dalma aka yi gyaran don ba ta buƙatar wuta sosai. Da an yi da zinare yadda ya kamata, sai an cire katantanwar, in ba haka ba zafi ya fasa ta.

Ya ɗora zoben a gaban wata na'ura mai karanta ƙarfe da hasken eksire, ba gogewa ba ɗiga ruwa. Ta nuna zinare wajen kashi 62 cikin 100, daidai da karat 15, wanda lissafinsa 625 ne cikin 1000. Wannan ya kawar da zargin ko gamin jan ƙarfe da tutiya ne mai kama da zinare, wanda aka yi ta amfani da shi a kayan ado masu araha tun ƙarni na 18.

Tambayar da ban yi tunaninta ba shi ya ɗago ta: shin katantanwar da zoben tare suka taso? Shekarun zobe na zobe ne kaɗai. Matafiya Ingilishi kan sayo kamiyo tsirara a Roma ko Napoli, su zo gida a yi masa zobe, wani lokaci bayan shekaru masu yawa. Haka kuma 'yan kasuwa kan cire fasasshe daga tsohon zobe su dasa sabo. Ya bi leɓen zinaren da ya danne gefen katantanwar da madubi, ya ce ba a taɓa ɗaga shi ba: babu sawun buɗewa, babu gam, babu rata, kuma ƙarfen ya bi lanƙwasar ɓallin sawu da ƙafa, abin da ke nuna don shi aka ƙera. Dattin da ya daskare a lungun ma iri ɗaya ne duk zagayen.

Hukuncinsa shi ne: sassaƙar Italiya, zoben Ingila, tsakanin 1860 da 1890, mariƙi kuma gyaran ƙarni na 20. Na nemi ya ƙara matsewa, ya ƙi, ya ce duk wanda ya ba ni shekara guda a kan abin da ba shi da harafin hatimi, ciniki yake so mu yi. Game da ingancin aikin kuma bai yi mini kara ba. Ya ce matsakaici ne, na mai sana'ar da ya iya hannunsa amma yana sauri, irin da aka yi dubbai don masu yawon buɗe ido. Gyaran dalmar da tsagar nan biyu kuma sun rage masa kuɗi. Ni ina ganin ya ɗan tsananta, ganyen inabin nan ba aikin gaggawa ba ne, amma shi ya ga dubu, ni uku na gani.

Kafin in fita na tambaye shi yadda zan kula da shi. Ya ce burushi mai laushi da ruwa mai ɗumi-ɗumi da ɗan sabulu maras ƙarfi sun isa, a tsane nan take, kada a jiƙa, kada a saka a injin wanke zinare. Wasu kan shafa masa ɗan farin mai irin na jarirai sau ɗaya a shekara, ya kwana, a goge, don rage bushewa, amma ban da man girki, wanda ke sa shi rawaya. Turare ma a nisanta shi da shi. Wannan ya shafe ni kai tsaye, don mayafaina ba sa rabuwa da humra da turaren wuta, saboda haka sai na gama turara kaya sun huce nake maƙala shi. In zan je gida da hunturu kuwa a nan nake barinsa, iskar Kano ta watan Janairu ba za ta bar tsagar nan biyu yadda suke ba.

Ya kuma gargaɗe ni da kada in haɗa su ukun a akwati ɗaya. Seluloid in ya tsufa ya fara lalacewa yakan fitar da tururi mai asid, wanda ke sa ƙarfe tsatsa ya kuma ci katantanwa. Na ware robar a wata 'yar takarda a aljihun tebur inda iska ke shiga, na aƙiƙ ɗin kuma na ba ƙanwata, tunda shi ba abin da ke cinsa.